Abin da Yaya Ya Gada

Ga ta nan, ku matso ku ba ni aron kunnuwanku. Sai dai wannan ba irin wadda nake yi wa jikoki ba ce, wadda ake ƙarewa da dariya kowa ya tashi. Wannan ta yayana ce, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda Allah Ya karɓi abinsa a tsakiyar daminar da ta wuce, masara ta yi goyo, ruwa na zuba kusan kullum. Ban iya alƙalami ba, a bakina ake ɗauka. Na ce a rubuta ne don na ga yadda mantuwa take fara cin mutum tun ba a naɗe tabarmar makokinsa ba.

Mata sun zo gaisuwa daga Ƙarfi, daga Mahuta, har daga Funtua da Malumfashi. Kowace ta durƙusa ta ce ya haƙuri, ta yi masa addu'a. Wata ta ce ba a taɓa rasa shi a sahun farko ba. Wata ta ce bai iya cin tuwo shi kaɗai ba, sai ya kira mai wucewa. Duk gaskiya ne, amma maganar da ake yi wa kowane dattijo ce, in ka cire shi ka sa wani za ta zauna daidai. Ina jinsu, idona a bushe.

Ana nan sai ga wata tsohuwar Bafillatana mai tallan nono, daga rugar da ke ƙetaren ruwa. Ta sauke ƙwaryarta a bakin ƙofa, ta gaisa. Can ta dube ni ta ce, "To Hajiya, yanzu wa zai riƙa cire cediya?"

Ƙananan matan suka dubi juna, sun ɗauka tsufa ne ya taɓa ta. Ni kuwa a nan kuka ya zo mini. Don ku gane tambayarta, sai na koma da ku baya.

Garinmu yana gefen wata fadama. A zamanin Turawa, da auduga ta yi daraja, hanyar da ake bi a kai ta Funtua ta tsakiyar fadamar nan ta ratsa, kuma da damina jaki sai ya nutse har ciki. Sai aka ce a haƙa wa ruwan hanya guda a tara shi wuri ɗaya. Ba gayya ba ce, aikin tilas ne, kowane gida ya ba da namiji da galma. Abin da suka haƙa shi muke kira Haƙaƙƙiya har yau. Yaran yanzu suna tsammanin rafi ne tun asali. Yaya yakan ce musu su dubi yadda ta miƙe sambal, su gaya masa inda suka taɓa ganin rafi ya yi tafiya haka da kansa.

Da fari kadarko aka ɗora mata na itacen giginya, kowace damina ruwa ya yi gaba da shi. Sai saƙo ya zo cewa Bature yana son gada. To a lokacin gada ɗaya mutanenmu suka sani, ta daji, mai ƙafa huɗu. Maharba suka shiga daji suka kamo ta da rai, aka ɗaure ta a ƙofar mai gari ana ba ta harawa, ana jiran Bature ya zo ya karɓi abinsa. Yaya yakan ba da wannan labari fuskarsa a ɗaure, mu muna ta dariya. In ya ƙare sai ya ce ai ba a yi asara ba, an yi farfesu.

Babanmu magini ne. Ya iya bakan gizo, wato lanƙwasar nan da ake yi a cikin soro ta riƙe rufi ba tare da ginshiƙi ba. Shi ya sa aka haɗa shi da wani maginin dutse da aka kawo daga kudu. Wannan bai jin Hausa, Baba bai jin yarensa. Da hannu da igiya suka yi magana har aikin ya ƙare. Duwatsun kuwa daga dutsen da ke bayan gari aka faso su, baƙaƙe, aka ɗauko su a ka.

Wanda bai gan ta ba, bari in zana masa. Baka uku gare ta, na tsakiya ya fi girma, na gefe biyu ƙanana, kamar uwa ta kama hannun 'ya'yanta. Ƙafafunta biyu da ke cikin ruwa kowace tana da hanci mai tsini da ke fuskantar inda ruwa ke fitowa, don ya tsaga ruwan ya raba shi biyu. Faɗinta mota ɗaya ce da ƙyar. Hagu da dama akwai katanga iya ƙugu, an sassaƙe duwatsun samanta sun yi sumul. Tana da doro, ba shimfiɗe take ba. In mutum yana tahowa daga ƙetare, kayan da ke kansa kake fara gani, sannan fuska, sannan ƙafa. In kuma tafiya yake, ƙafa ke fara ɓacewa, kaya su ne na ƙarshe.

An fara kafa azara ne a yi lanƙwasar, aka jera duwatsu a kanta daga nan da can har suka haɗu a sama, aka cusa dutse guda a tsakiya, sannan aka zare azarar. Wannan dutse na tsakiya Yaya yana kiransa liman. Yakan ce duk sauran jingine suke da shi, shi kuma ba don su ba da tuni yana cikin ruwa.

Yaya ya koyi gini a hannun Baba, ya kuma yi noma kamar kowa. Ba wanda ya naɗa shi mai gadin gada, ba wanda ya taɓa ce masa sannu da aiki daga sama. Amma tsuntsaye suna cin 'ya'yan cediya su zo su yi kashi a tsagin duwatsu. Sai ka ga ɗan ganye biyu ya leƙo, abin sha'awa. In ka bar shi, saiwarsa ta shiga ciki ta kumbura ta ture dutse. Don haka yana da wata doguwar gora da ya ɗaura wa lauje a kai. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka zai shiga ƙarƙashi ya bi tsagi tsagi yana ƙwaƙulo su, ya buɗe ƙananan ramukan da ruwa ke tsiyayewa, ya toshe inda ya zube. Tsattsewa masu sheƙa a ƙarƙashin bakan tsakiya sun san shi, ba sa tashi. Matarsa takan yi masa tsiya, ta ce da ita ma dutse ce da ta samu mai duba lafiyarta haka. Shi kuma ya ce ta bari cediya ta fito mata tukuna.

Alherin da ya yi mini ba zan manta ba. Ina da cikin fari, na ɗauko buhun auduga daga gona. Na hau doron gada numfashina ya ƙare, ga kaya a ka, ba mai sauke mini, in na jefar ba mai ɗora mini. Na tsaya ina hawaye har Allah Ya kawo shi. Ya sauke mini, ya raka ni gida. Bayan girbi sai ga shi ya tayar da wani ɗan ginshiƙi a jikin katangar yamma, daidai kan doron, tsayinsa iya kan mace, ya ɗora masa faffaɗan dutse. Mace ta zo ta karkata kai ta zame kayanta a kai, ta huta, ta sake jawowa ta tafi, ba ta roƙi kowa ba. Dutsen sauke muke ce masa. Bafillatanar nan tun tana amarya take hutawa a wurin.

Da Baba ya rasu aka raba gado yadda shari'a ta ce, kowa ya samu rabonsa a gona. Mu uku muka rage a ɗakinmu, Yaya, ni, da autanmu. Amma in aka tambayi Yaya me ya samu, ba ya ambaton gona. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ni gada na gada." Har ta zama abin tsokanarsa a kasuwa.

Kwanci tashi aka shimfiɗa kwalta, aka gina sabuwar gada ta siminti can ƙasa da gari, faffaɗa, motoci biyu suna giftawa. Tsohuwa ta koma ta jakai da shanu da masu tafiya a ƙasa. Yaya bai yi baƙin ciki ba, ya ce ta yi nata aikin, ta samu mai taya ta.

A nan ne saɓani ya shiga. Auta ya tashi gina shago a bakin sabuwar hanya, yana neman dutsen harsashi. Da rana tsaka, a gaban kowa, ya kawo amalanke ya kwashe duwatsun katangar gabas daga kan doro har kusan ƙarshe. Ba sata ya ɗauka yana yi ba. Da Yaya ya iso ya same shi, Auta ya ce hukuma ta yar da ita, kuma shi ma ɗan Baba ne, in gado ce yana da rabo a ciki.

Yaya bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba. Ya daɗe yana kallon wurin da aka yaye. Sannan ya ce, "Gona ake rabawa, Auta. Wannan in ka cire naka, na matar da za ta wuce gobe da goyo ka cire."

Auta ya ce ai akwai sabuwa, mai goyo ta bi can. Ya kora amalankensa.

Daga ranar ba su yi gaba ba, don sun san haramun ce. Suna sallama, suna amsawa, ranar Salla Auta yana zuwa ya durƙusa. Amma wasa ya mutu. Kwano ɗaya da suke ci a zaure ya koma biyu. Na yi ta shiga tsakani, kowa ya ce mini ba komai, kuma wannan ba komai ɗin ta fi zagi nauyi. Yaya bai sake cewa gada ya gada ba. Daga baya wani maraƙi ya zame ta wajen da ba katanga ya faɗa ruwa, mai gari ya sa aka jibge ƙaya a bakin gadar nan da can. Masu ƙafa suka ɓula 'yar kafa suna ratsawa. Yaya ya ci gaba da shiga da gorarsa, yana tsufa, gorar tana yi masa nauyi, har bazarar ƙarshe da jiki ya ƙi.

Ciwon bai ja shi da yawa ba. Ya cika da hantsi, bayan ruwan da aka kwana ana yi ya ɗauke. Babban ɗansa, wanda muke kira Alhaji, yana kansa. Shi wannan tun yana ƙarami aka kai shi Dandume wajen kawunsa, can ya tashi, can yake fataucin hatsi. Ɗa ne mai biyayya, ban taɓa jin ya saɓa wa ubansa ba.

Maƙabartarmu tana ƙetaren Haƙaƙƙiya. Tun da aka tare tsohuwar gada, ta sabuwa ake zagayawa da gawa a mota. Ina zaune a ɗakin matar Yaya, maza na can suna wanka da suturta shi, sai matar Alhaji ta ce mini ai surukinta ya bar wasiyya. Ya kama hannun ɗansa ya ce, "A bi da ni ta kan abin da na gada." Ta ce shi ya sa Alhaji ya shirya za a sa makara a motarsa, a bi ta gefen gonar gado, wadda take kan hanyar sabuwar gada, a ɗan tsaya a can, sannan a wuce.

A duk gidan ba sauran mai tuna maganar nan tasa ta gada sai ni, sai matarsa da ba ta cikin hayyacinta, sai mutum ɗaya a zaure. Ni mace ce, ba na ɗaukar makara, ba na zuwa kushewa. Kuma gawa ba ta jira. In na yi shiru, an binne shi da maganarsa ta ƙarshe a karkace, har abada.

Na tashi na dafa bango har ƙofar zaure ta ciki, na tsaya a bayan ƙyaure, na sa aka kira mini Alhaji. Na gaya masa ba gona ubansa yake nufi ba. Na gaya masa abin da yake cewa a kasuwa tun shi bai yi wayo ba.

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Gwaggo, raina ya ba ni haka. Na zaɓi gonar ne don ita ce ba za ta kashe kowa ba."

Kuma gaskiyarsa. Ya ce ruwa ya cika har kusan wuyan baka, duwatsu sun yi gansakuka, gefe ɗaya a buɗe yake. Ya ce na san yadda ake ɗaukar makara, kowa na son lada, wannan ya karɓi wannan, kafaɗa tana canza kafaɗa ana tafiya. A kan gadar nan ba wurin karɓa-karɓa. Waɗanda suka hau da ita su za su sauka da ita, kuma na kusurwar gabas tafiyarsa a bakin ruwa take. Ya ce ba zai iya cewa ɗan wani ya tsaya a can ba.

Maganar ta fita zaure. Ina ji ta bayan ƙyaure. Liman ya ce wasiyyar da ba ta saɓa wa addini ba ana cika ta, sai fa in za ta cuci mai rai. Wasu suka ce a bi mota. Na ji an fara jan tabarmi, na san magana ta ƙare a kan mota.

Sai na ji muryar da ban ji ba tun safe. Auta ne, daga can ƙarshen zaure. Shi ma yanzu tsoho ne, gemu fari fat.

Ya ce, "Ku ba ni kusurwar gabas, ta gaba. Ni na cire katangar, ni zan tsaya a madadinta."

Wani ya ce Baba Auta ya bari yara su ɗauka, ƙafarsa ba ta da ƙwari. Ya ce ba shawara ya nema ba. Alhaji ya ce to shi zai kama ta gabas ta baya. Aka tura samari suka janye ƙaya.

Bayan an yi masa salla, na zagaya bayan ɗakuna inda ruwa ya cinye kan katangar gidan, daga nan ana hango gada. Ban taɓa kallon jana'iza ba a rayuwata, ranar na kalla, Allah Ya yafe mini in laifi ne. Jama'a suka rako har bakin gada suna karɓa-karɓa, sannan suka tsaya. Mutum huɗu suka hau. Ruwa ja wur yana dukan hancin ƙafafun nan yana rabewa biyu, yadda Baba ya tsara masa. Suna tafiya a hankali, a hankali. Daf da doro na ga kafaɗar Auta ta yi ƙasa, makara ta karkata. Na rufe bakina da mayafi. Takalminsa ɗaya ya suɓuce ya faɗa, ruwa ya tafi da shi. Ya tsaya, ya cire ɗayan da yatsun ƙafa, ya ture shi ma, ya gyara kafaɗa. Suka wuce ta gaban dutsen sauke, ba su sauke ba.

Suka fara gangarawa. Ƙafafunsu suka ɓace, sannan ƙugu, sannan kafaɗu da huluna. Makara ta rage ita kaɗai a saman doro, naɗe da tabarma, kamar ba mai riƙe da ita. Sannan ita ma ta ɓace a bayan doro. Ganina na ƙarshe da Yaya ke nan. Sauran jama'a suka bi bayansu ɗaya bayan ɗaya, kowa na dafa katangar yamma.

Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ƙetarar da shi siraɗi cikin sauƙi yadda ya sauƙaƙa wa mutane ƙetara. Allah Ya jiƙan Baba, da maginin kudu da ba mu san inda ƙasa ta rufe shi ba, da duk waɗanda suka ɗauki dutse a ka.

Ga yadda kowa ya ƙare. Matar Yaya ta fita takaba, ɗiyarta ta ɗauke ta zuwa Malumfashi. Alhaji ya koma Dandume. In ya zo ziyarar kabari ba ya zagayawa, a bakin tsohuwa yake ajiye mota ya taka da ƙafa. Bafillatanar nan da mutanenta sun tashi da shanunsu bayan girbi, ban san inda suka nufa ba, ban kuma samu na ba ta amsar tambayarta ba. Mai gari bai ce a mayar da ƙaya ba, ba wanda ya mayar. Ni kuwa gwiwa ta hana ni zuwa ko'ina, sai bayan ɗakuna wajen ɓarin katangar gida, inda nake hango gada.

Auta ya rushe shagonsa na bakin kwalta. Ya tono duwatsun harsashi, ya loda su a amalanke ya mayar. Shi ba magini ba ne, bai san wanne ke bin wanne ba. Ya yi ta juya su, ya ɗora ya sauke, har suka zauna yadda suka yarda su zauna. Katangar ta tashi a karkace, amma ta tashi. Sai dai duwatsun ba su kai ba, wasu sun farfashe tun wancan gini. Giɓi ya rage a kan doro, daidai faɗin zaman mutum ɗaya.

Ba zan rufe da kan kusu ba, don ba ƙarya na shirya muku ba. Wanda ke shakka ya je ranar kasuwa, lokacin da mata ke ƙetarowa da kaya da goyo. Zai tarar da wani tsoho zaune a cikin giɓin nan, bayansa ga ruwa, gora mai lauje kwance a kan cinyarsa.